Shamuwa ta sauka a kan rimi: in shuka ko in dakata?

Manomin_Dakace:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da la'asar ina dawowa daga gona na ga shamuwa huɗu a kan rimin da ke bayan makarantar allon unguwarmu, ɗaya har da tsinke a baki. Da na faɗa wa Baba sai ya ce in sauko da iri daga rumbu, in kai garma maƙera, ruwa ya kusa. Ni kuwa gabana faɗuwa yake yi. Bara ma haka aka yi. Shamuwa ta zo, aka tafka ruwa daren wata Alhamis, na zuba masara tiya shida, ta tsiro gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke har kwana 19. Shukar ta ƙone ƙurmus, sai da na sake sayen iri. To alamomin nan da iyayenmu ke gane zuwan ruwa da su, har yanzu suna aiki ko zamani ya wuce da su? Don Allah wanda ya sani ya yi magana, ban da ba'a.

Dan_Kufena:
Wa alaikumus salam. Shamuwa ba ta yi maka ƙarya ba, kai ne ka yi gaggawa. Cewa ta yi damina na tafe, ba ta ce ka shuka ranar Juma'a ba.

Uwar_Biyu:
Mu mata ba sai mun ɗaga kai sama ba. Ni daga madafa nake ganewa. Gishirin da ya yi rani yana warwas a gwangwani, in na ga ya fara dunƙulewa yana kama cokali, to iska ta juya. Ƙofar ɗakin girkina ta katako ce, duk rani da yatsa ɗaya nake rufe ta, yanzu kwana biyar ke nan sai na sa kafaɗa. Fason ƙafa ma ya fara haɗewa da kansa. Amma ranar da ruwan zai sauka, wannan kam sai dai in tambayi gwiwar surukata.

Bakanon_Sabon_Gari:
Zazzagawa ke nan. Kowa da waya a aljihu, amma ana jiran tsuntsu ya ba da sanarwa. Ku duba waya mana, har awa tana faɗa.

Dan_Kufena:
Bakano, wayar taka shekaranjiya ta ce za a yi ruwa ƙarfe huɗu, na kwashe barkono daga shanya a guje, ko ɗigo ba a yi ba. Ka tsaya a kan awon atamfa, ka bar mana maganar gona.

Tsohon_Malamin_Gona:
Ɗana Manomin_Dakace, Allah ya mayar da alheri. Na yi shekaru ina yawo ƙauyukan Soba da Giwa da Makarfi a kan babur, kuma abin da na lura shi ne mutane na haɗa alamomi iri biyu a kwando ɗaya.

Akwai masu nuna cewa lokaci ya ƙarato. Zuwan shamuwa, kuka ta fara toho alhali ko ɗigo bai sauka ba, tsamiya ta yi sabon ganye, gawo ya fara kaɗe nasa, iska ta daina zuwa daga arewa maso gabas ta koma busowa daga kudu maso yamma, dare ya yi zuffa har mutum ya kasa barci a ɗaki. Waɗannan duk gaskiya ne, amma tazararsu na iya kai mako biyu ko fiye.

Akwai kuma masu nuna ruwan yau ko gobe. Tururuwa ta yi layi tana kwashe ƙwai zuwa tudu, gari ya yi luf ko ganye ba ya motsi, a ji cida daga gabas, tsattsewa su yi ƙasa-ƙasa suna shawagi.

Abin da ya cinye maka iri kuwa ba ya cikin ko ɗaya. Tsayawar ruwa bayan saukar farko, ban taɓa samun tsohon da ya nuna mini tsuntsu ko itacen da ke faɗinta ba. Shi ya sa manoman da ba su dogara da kallon sama kaɗai ba, ƙasa suke tonawa. Washegarin ruwa mutum zai je tsakiyar gona, ba bakin kwari ba, ya sa hannu ya tona. In laima ba ta kai taƙi guda ba, ko ya dunƙula ƙasar ta wargaje, sai ya koma gida ya ci gaba da gyaran fartanya. Kuma ba sa zuba iri duka rana ɗaya. Gero ne ake yi wa binne ko a shuka da ruwan fari, don shi yana da haƙuri kuma irinsa ba tsada. Masara ba ta da wannan juriyar.

Mai_Rake_Makarfi:
Baba malamin gona ya gama magana. Sai dai gawon nan, a wajenmu sai ka yi tafiya ba ka ga ko ɗaya ba. Ɗorawa da kaɗanya da mangwaro ne itatuwanmu. Mu kaɗanya muke kallo: in ta fara zubowa yara na tsinta da sassafe, damina ta zauna.

Tsohon_Malamin_Gona:
Haka ne, gawo ya fi yawa in ka nausa arewa, Katsina da Daura da Damagaram. Shi ne itacen da ake cewa ya ƙi ruwan Allah, don da damina yake tsirara, da rani ya yi kore shar. Manomi kuwa yana son sa, ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen da ya zubar kuma taki ne.

Abu_Hanan_TudunWada:
'Yan'uwa mu ji tsoron Allah. Saukar da ruwa na cikin abubuwa biyar da ƙarshen Suratu Luƙman ta ce saninsu na wurin Allah. Yanzu a ce tsuntsu ko tururuwa sun san gobe? Ina tsoron kada mu faɗa camfi ba mu sani ba.

Malam_na_Kwarbai:
Abu_Hanan, Allah ya saka da alheri, tsoron yana da kyau, amma a bambance. Abin da aka hana shi ne jingina ruwan ga wani ba Allah ba. Hadisin Hudaibiyya da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim a kan wanda ya ce tauraro kaza ne ya ba mu ruwa yake magana. Amma lura da al'adar da Allah ya gudanar a halittarsa, wannan ba duba ba ne. Alƙur'ani da kansa a Suratul A'araf ya ce ana aiko iskoki suna bushara gabanin rahama. Wanda ya ga hadari ya haɗu ya kwashe shanya bai yi da'awar sanin gaibu ba.

Kuma tun da an zo nan, malamanmu na zaure suna da lissafin taurari da manoma ke zuwa tambaya. Taurari 28 ne, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, in ka haɗa ka sami 365. An raba su bakwai-bakwai: bazara, damina, kaka, ɗari. Na damina su ne Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Haƙa'a kuwa sai wajen ƙarshen watan Mayu take kamawa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, in aka yi ruwa a Surayya ko Dabaran manoma suka zo da zumuɗi, cewa yake ku dai yi a hankali, har yanzu bazara ce. Kalanda ce ta rana, ba ta yawo kamar watannin Musulunci, shi ya sa ta dace da noma. Ba tauraron ke kawo ruwa ba, suna ne na lokaci.

Abu_Hanan_TudunWada:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi wannan. Amma a ƙauye akwai masu cewa in ka taɓa sheƙar shamuwa ruwa zai ƙi zuwa garin. Wannan fa?

Malam_na_Kwarbai:
Wannan camfi ne, ba shi da tushe. Sai dai ni ba zan hau mumbari in ce yara su je su kwashe mata ƙwai ba.

Gwaggon_Yara:
Malam ya tuna mini. Surayyar nan ai ita ce kaza da 'ya'yanta. Muna yara a Ƙofar Gayan kakarmu kan nuna mana su bayan magariba. Duk rani suna sama, suna ta gangarawa yamma, ranar da aka neme su aka rasa sai ta ce kaza ta shiga akurki, a fara gyaran rufin soro. Washegari za ka ga an kira magina ana yaɓe da gyaran indararo. Yanzu jikokina ko Zara ba su sani ba, hasken sola ya hana kowa ganin sama.

Dalibar_Samaru:
Ina gaida iyaye. Ni ɗaliba ce a fannin aikin gona, bari in sa baki kaɗan a kan shamuwa, don ni abin ya burge ni da na karanta. Idan ta bar mu bayan damina, kudancin Afirka take tafiya, wajen Zambiya da Zimbabuwe har Afirka ta Kudu, domin lokacin ne su suke damina. Abincinta fara da tsutsa, su kuwa sai inda aka yi ruwa ciyawa ta fito. Wato ruwan take bi a baya-baya, ta zo nan ta yi sheƙa ta ƙyanƙyashe. Don haka in ta iso, damshi ya riga ya matso kusa da mu.

Iskar da Baba malamin gona ya ambata ita ce ginshiƙin abin. Iska biyu ke ture juna a ƙasar nan: busasshiya daga Sahara, da mai laima daga tekun Atilantika. Inda suka haɗu yana matsowa arewa a hankali, shi ya sa Legas ke samun ruwa tun Maris, mu sai wajen Mayu, Katsina da Sakkwato kuma su biyo baya. A farkon damina wannan iyakar ba ta zauna ba, takan matso ta koma. In ta koma, shi ne tsayawar da ta sami yayanmu na Dakace. Gishirin Anti Uwar_Biyu da ƙofarta ma laimar iskar ce suke sha, ma'auni ne sosai.

Masu bincike da yawa ba sa ƙirga damina ta fara sai an sami kamar milimita 20 cikin kwana uku, kuma ba a yi tsayawar da ta wuce mako guda ba a cikin wata ɗaya da ya biyo baya. Kun ga ke nan su ma sai abin ya wuce suke tabbatarwa. Zariya na samun wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawa a Agusta.

Bakanon_Sabon_Gari:
To ka ji. 'Yar boko ma ta ce sai bayan wata guda za ta gaya maka ko ka shuka daidai. Ina amfanin baɗi ba rai?

Dalibar_Samaru:
Kawu Bakano, ba haka nake nufi ba. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina tun farkon shekara, da lokacin da ake sa ran farawa da ɗaukewa, har da gargaɗin tsayawar ruwa, kuma ana fassara shi da Hausa. Hasashe ne, yana iya saɓawa, amma shi ne ke ƙoƙarin cike gurbin da Baba malamin gona ya ce tsuntsu ba ya faɗa. Tashar binciken gona ta Samaru kuma tun 1922 take, kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ba jiya aka fara auna ruwa a garin nan ba.

Jauro_Galma:
Mu shanu ne malamanmu. In suna kiwo ka ga sun ɗaga hanci suna shaƙar iska ta gefe guda, maruƙa na tsalle ba dalili, to an yi ruwa a wani wuri, ƙamshin ƙasa suka ji. Mu ba mu ji ba sai daga baya. Da can iyayenmu na ganin haka suke fara shirin komowa daga kudu. Awaki kuwa ba sa son jiƙa ko kaɗan, in ka ga sun baro kiwo sun rugo gida suna kuka da rana tsaka, ka duba gabas.

Direban_Giwa:
Gabas ɗin nan ita ce maganar. Shekara 22 ina bin hanyar Funtuwa. Hadarin da ya haɗu ta wajen Soba da Maigana, ya yi baƙi ƙirin har ƙasa, gabansa da jar ƙura, wannan namu ne, ka nemi wurin fakewa. Wanda ka hango a kan dutsen Kufena kuwa, komai baƙinsa, ya riga ya wuce, rabon mutanen Birnin Gwari ne. Fasinja za su yi ta cewa direba yi sauri, ni ko a jikina.

Dan_Kufena:
Direba, ban da cikin marka. A Agusta ruwa ba ya tambayar hanya, ta ko'ina zuwa yake, ba tsawa ba iska, ya kwana ya wuni. Na taɓa yarda da maganar nan taka na bar buhunan taki a waje.

Direban_Giwa:
Na yarda, na farkon damina da na ƙarshenta nake nufi.

Dalibar_Samaru:
Duk ku biyun kuna da gaskiya. Iskar da ke can sama daga gabas take busowa, ita ke tura manyan hadarai zuwa yamma, ko da yake laimar daga kudu maso yamma ta shigo ta ƙasa.

Hajiyar_Wusasa:
Ni bakan gizo nake so a yi mini bayani. Tun muna yara ake cewa in ya fito ya shanye ruwan. Kuma wallahi sau da yawa na gani, hadari ya haɗu kamar a taɓa, bakan gizo ya fito, shi ke nan ya watse.

Abu_Hanan_TudunWada:
Hajiya wannan kam tatsuniya ce.

Tsohon_Malamin_Gona:
Shan ruwan tatsuniya ce, amma abin da Hajiya ta gani ba ƙarya ba ne. Bakan gizo ba ya fitowa sai rana ta sami kafa ta haska ɗigon ruwa, kuma kullum sai ka ba rana baya kake ganinsa. Wanda ya fito da safe yana yamma, ruwan ya wuce mu ke nan. Na la'asar yana gabas, ana ruwa a can, yana iya isowa, yana iya ƙarewa a hanya tun da hadarin bai rufe sama duka ba. Mutane sun riƙe ranakun da ya watse, sun manta ranakun da ya jiƙa su.

Hajiyar_Wusasa:
To wata in ya yi sansani fa? Kakata cewa take ko ruwa ko wani babba zai rasu.

Bakanon_Sabon_Gari:
Hajiya ai kakarki ba ta taɓa faɗuwa ba, tun da kullum akwai babban da zai rasu a wani wuri.

Gwaggon_Yara:
Kai Bakano Allah ya shirye ka. Ni dai abin da ya dame ni, alamomin kansu sun ragu. Rimin da shamuwa ke sauka a unguwarmu an sare shi an yi shaguna. Kwaɗin da ke hana mu barci a kududdufi, an cike kududdufin an yi gida. Shinge da muke kamawa a gindin fitila bayan ruwan farko, mu soya da gishiri, bara ko cikin kofi ba mu samu ba. In babu rimin ina za ta sauka balle a gan ta?

Mai_Rake_Makarfi:
Gwaggo a ƙauye suna nan, birni ne ya kore su. Amma maganin feshi ya rage ƙwari, wannan gaskiya ne. Kuma ba yau ruwa ya fara yaudara ba. Mahaifina har ya rasu yana ba da labarin farin 1973, ni kuma na ga na 1984 da idona. Shamuwa ta zo a shekarun nan, ta yi sheƙarta, ba ta fasa ba. Kada mu ɗora wa zamani komai.

Dan_Kufena:
Amma Alhaji ka yarda yanzu abin ya fi rikicewa. Da ana gane ɗaukewar ruwa: raɓa ta yi yawa da asuba, a yi zafin nan na kaka, hadari ya riƙa haɗuwa yana tsawa ba ruwa. Yanzu sai ka yanke dawa ka jingina, ruwa ya dawo ya same ta.

Mai_Rake_Makarfi:
Hadarin kaka dama ba a taɓa amince masa ba.

Manomin_Dakace:
Na gode ƙwarai, na karanta duka. Na karanta wa Baba maganar malamin gona da ta Malam na Kwarbai, sai ya yi dariya ya ce in faɗa muku gaskiya. To gaskiyar ita ce bara da aka yi ruwan nan ya ce mini wannan na kwantar da ƙura ne, in jira na biyu. Ni ne na ga maƙwabcina ya fita da masu shuka na kasa zama. Yau ma da na matsa masa ya ce shi sauko da iri ya ce, bai ce zuba ba.

Dan_Kufena:
Ashe! Ka zo ka tara mu kana tuhumar baiwar Allah shamuwa.

Uwar_Biyu:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Amma fa maƙwabcin naka, tasa shukar ta tsira?

Manomin_Dakace:
Anti tasa gonar a kwari take, ta sha wuya amma ta tashi. Ya riga kowa cin ɗanyar masara, ya kai Sabon Gari ya sayar da tsada. Abin da ya sa har yanzu zuciyata ke raya mini ke nan.

Tsohon_Malamin_Gona:
To ka raba. In an yi ruwan da ya kai taƙi, sa kashi ɗaya cikin uku a inda ya fi riƙe laima, sauran ka jira. Ka nemi iri mai saurin nuna cikin masarar SAMMAZ ta Samaru don wanda za ka shuka daga baya. Kuma kada ka zuba taki sai shuka ta tsaya da ƙafarta.

Abu_Hanan_TudunWada:
A haɗa da addu'a da istigfari dai.

Direban_Giwa:
Jama'a ina Maigana yanzu na kawo kaya, gabas ta yi baƙi, iska ta fara ɗaga leda. Masu shanya a kwashe.

Uwar_Biyu:
Gwiwar surukata tun azahar take faɗa. Na kwashe kuka da kuɓewa.

Hajiyar_Wusasa:
Nan Wusasa iska ce kawai da ƙura, ta ɓalle mana kwano ɗaya. Ko yayyafi babu.

Dalibar_Samaru:
Samaru an yi kamar minti goma, ƙasa ta yi ƙamshi, shi ke nan.

Bakanon_Sabon_Gari:
Wayata dai ta ce gobe ne. Ban san wa ya gaya wa hadarin ya zo yau ba.

Manomin_Dakace:
Mu mun samu sosai, har indararo ya zuba. Da asuba na je gona na tona wuri uku kamar yadda Baba malamin gona ya ce. A kwari ta kusa taƙi, a tudu yatsa huɗu na tarar da busasshiyar ƙasa. Maƙwabcina ya riga ya fita da masu shuka, ina jiyo su daga nan. Baba na zaune a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya, na gaishe shi na faɗa masa, bai ce komai ba, ya dai miƙo mini fartanyar ya ce in riƙe masa.

Jauro_Galma:
Shanu yau ma hancinsu na gabas.